Daga Phoenix zuwa Grand Canyon da tankin ruwa a ƙarƙashin gado

Motar da Yaya ya saya irin ta tafi-da-gidanka ce: gaba wurin direba, baya gado da kicin da ɗan banɗakin da in ka shiga da gaba sai ka fito da baya. Ta hannu ce, ta sha hanya kafin ta zo gare shi. Tankuna uku gare ta. Na ruwan sha yana ƙarƙashin gado, yana cin lita 150 ko kusa da haka, na biyu yana karɓar ruwan wanka da na wanke-wanke, na uku kuwa na bayan gida ne. Wanda duk zai kwana a irin wannan mota, tankunan nan ne ke yanke masa inda zai yada zango da ranar da zai tashi. Kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in ka cika tankin ka ɗauki nauyin ƙattai biyu ke nan da ba su biya kuɗin mota ba.

Cikin watan Janairu muka bar Phoenix, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, muka miƙi babbar hanya mai lamba 10 muka yi yamma. Kafin mu tashi sai da na tsaya na kalli yadda Yaya yake ɗura ruwa, don abin nasa da tsari yake. Yana da jakar da ya ware wa kayan ruwa kaɗai, ko sifana ba ya yarda ta shiga cikinta. Tiyonsa fari ne, wanda aka yi musamman don ruwan sha. Koren tiyon ban-ruwan shuke-shuke ba ya kusantar motar, saboda robarsa tana ba ruwa wari in ta sha rana, bakin ƙarfen wasu kuma yana ɗauke da darma. Akwai wani ɗan ƙarfe mai geji da yake ɗaurawa a bakin famfo don rage ƙarfin ruwa, tun da bututan cikin motar na roba ne, an fi so matsinsu ya tsaya tsakanin 40 da 60 a ma'aunin psi, famfon wasu zangunan kuwa yakan wuce haka nesa ba kusa ba. Sai abin da ya fi ji da shi: wata shuɗiyar filta da tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, wadda ake ɗaurawa a jikin tiyon. Cikinta tsakin gawayi ne da ɗan garin tagulla da zinki. Ya ɗaga ta ya nuna mini.

"Ka ga wannan? Duk ruwan da ya bi ta nan, ka rufe ido ka sha."

Na ce to, Yaya. Motarsa ce.

Tafiyar kimanin kilomita 200 ce zuwa Quartzsite, hamada ce zalla, duwatsu jefi-jefi da dogayen itatuwan ƙaya masu kama da mutum ya ɗaga hannu. Garin ƙarami ne, mazaunansa na dindindin 'yan dubbai ne kawai, amma da sanyi ya shigo sai masu irin motarmu su kwararo daga arewacin Amurka da Kanada, su baje a filayen da ke kewaye da shi har iya ganin ido. Filayen na gwamnatin tarayya ne, hukumarta ta filaye mai suna BLM ke kula da su. Akwai inda ake zama kyauta na kwana 14, akwai kuma La Posa inda mai takardar izini zai iya shafe watanni. Asalin garin ma rijiyoyi ne da matafiya ke tsayawa su shayar da dabbobi. A maƙabartarsa akwai kabarin Hajji Ali, wanda Amurkawa suka sani da Hi Jolly, mai kiwon raƙuma da ya zo daga ƙasashen daular Usmaniyya a 1856 lokacin da sojan Amurka ya gwada amfani da raƙuma a wannan hamada. Ya rasu a nan a 1902, an gina masa ɗan dala na duwatsu da siffar raƙumi a samansa. Muka tsaya muka yi masa addu'a, muka wuce neman wurin kwana.

A filin ba famfo, ba wuta, ba komai. Abin da ka zo da shi, da shi za ka rayu. Kwano ba a wanke shi sai an goge shi da takarda tukuna, wanka kuma jiƙa jiki ne, a rufe famfo, a goga sabulu, a buɗe a ɗauraye. Hira da maƙwabta duk inda ta faro, a kan ruwa take ƙarewa: ina ka ɗebo, ya ɗanɗanonsa, layi ya yi tsawo?

A layin ɗiban ruwan ne na lura da abin da ya fi tayar mini da hankali a duk tafiyar. Yawancin wuraren da ake juye tankin bayan gida suna da nasu famfon a gefe, da tiyo a rataye, na ɗauraye bututun ƙazanta, kuma akan rubuta a jiki cewa ba na sha ba ne. Famfon ruwan sha yana can gaba, an raba su da gangan. Amma hannun da ya gama riƙe wancan bututun shi ne zai zo ya murɗa wannan famfon, ba kowa ne ke sa safar hannu ba. Na ga wani ya jefar da bakin tiyonsa a ƙasa cikin caɓi, ya ɗauka, ya zura a tankinsa. A nan na yaba wa Yaya. Yana da 'yar kwalbar feshi ta ruwan bilic da aka sirka, yakan fesa wa bakin famfon, ya ɗan jira, ya buɗe ruwan ya zuba na ɗan lokaci, sannan ya ɗaura tiyo. In ya gama kuma sai ya tsiyaye tiyon, ya haɗa bakinsa biyu ya murɗe su da juna, don kada ƙura ko ƙwaro su shiga.

Duk da wannan tsantseni, muna cikin zama a filin sai ruwan kicin ya fara canjawa. Ba wari ne mai ƙarfi ba, wani ɗan gafi ne na abin da ya daɗe a rufe, ka fi jinsa da safe a kofin farko. Yaya ya ce filtar ce ta tsufa, ya sa sabuwa, muka ƙara ruwa a kan na ciki. Bai canja ba.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne Bature, tsohon mai aikin famfo da ya yi ritaya, shi da matarsa duk hunturu a wannan filin suke yinsa. Ya zo ya sunsuna kofin, ya tambayi Yaya ta ina yake ɗura tankin da kuma yaushe rabon da a wanke shi. Da ya ji amsa sai ya yi dariya ya ce mu biyo shi.

A gefen motarsa akwai gwangwanaye biyu na roba a jere a kan ƙarfe, na farkon garau yake, ana ganin cikinsa. Ya rufe ruwa, ya danna wani ɗan jan maɓalli a samansa iska ta fita, ya zura wani zoben roba mai mariƙi ya murɗe gwangwanin. Abin da ke ciki kamar dunƙulen farin zare ne mai rami a tsakiya, sai dai farin ya tafi, wajensa ya koma ruwan ƙasa, gindinsa ja da tsatsa, a ƙasan gwangwanin kuma yashi ne kwance da za ka iya dangwala da yatsa. Ya sa wuƙa ya tsaga shi. Daga waje launin ya yi duhu, yana shiga ciki yana washewa, can kusa da ramin fari ne tas. Ya ce da ya ga launin ya kusa kaiwa tsakiya, ko ruwa ya rage gudu, sai ya canja. Wannan na laka ne kawai, mai ramuka masu faɗin maikuron 5 (ma'aunin ƙanƙantar ramukan mataci ke nan), ba ruwansa da kulorin.

Batun kulorin ɗin shi ne bakin zaren. Ruwan famfon gari yana zuwa da ɗan kulorin a cikinsa, wanda aka bari da gangan don ya ci gaba da kashe ƙwayoyin cuta a cikin bututu har ruwan ya isa ga mai sha. Gawayi kuwa babban aikinsa shi ne kama kulorin, shi ya sa ruwan da ya bi ta cikinsa yake daɗi. To Yaya yana cire wa ruwan mai gadinsa tun a bakin ƙofa, sannan ya kulle shi a tankin roba mai duhu, a mota da rana ke dukanta kullum, ya bar shi kwana da kwanaki. Ƙwayoyin da suka shigo ta tiyo ko ta bakin tanki, ko waɗanda suke nan tun zamanin mai motar na farko, sai su samu wuri su yi yauƙi a bangon tankin da cikin bututai. Kuma tsakanin tankin da kofinmu babu wani mataci ko ɗaya. Dattijon ya ce shi in zai cika tanki, gwangwanin laka kaɗai ruwan ke bi, na gawayin yana kewaye shi. In ya ɗaura da famfon zango kai tsaye ne yake barin ruwan ya bi duka biyun, tun da ba zama zai yi ba. Na shansu kuwa akwai wani ƙaramin mataci na dunƙulen gawayi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da ɗan famfonsa daban.

Yaya bai so ba. Ya ce ai garin tagullar da ke cikin tasa filtar yana hana ƙwayoyin cuta. Dattijon ya ce e, yana rage musu yaɗuwa a cikin filtar kanta, amma ba ya bin ruwa zuwa tanki.

A daren na ɗauko kwalin shuɗiyar filtar na karanta shi da fitila, abin da ba na jin masu saye da yawa suna yi. An rubuta maikuron 20. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin kan mutum kuwa wajen 70 ne. Ƙwan Giardia mai kawo zawo tsawonsa 8 zuwa 12 ne, na Cryptosporidium 4 zuwa 6, bakteriya da yawa ba su wuce maikuron ɗaya ko biyu ba, bairos kuwa ba a ma maganarsu, sun fi haka ƙanƙanta sau goma zuwa ɗari. Ke nan duk waɗannan za su ratsa filtar Yaya ba tare da sun goga kafaɗa ba. Shi Cryptosporidium ɗin ma kulorin na yau da kullum ba ya kashe shi da sauƙi, shi ne ya kwantar da mutum kimanin 400,000 a birnin Milwaukee a 1993 ta ruwan famfo. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka tana cewa mai son tare shi ya nemi matacin da aka tabbatar ramukansa ba su wuce maikuron 1 ba. A nan ma akwai wayon 'yan kasuwa, domin wani adadin na kintace ne, yana tare mafi yawa wasu su wuce, wani kuma na tabbas ne. Abin dubawa shi ne lambar gwajin NSF, ƙungiyar da ke tantance ingancin matatan ruwa, da ke jikin kwali: 42 tana nufin ɗanɗano da wari da kulorin kawai, 53 ta shafi lafiya, irin su darma da ƙwayayen nan, kuma sai an karanta wanne daga ciki aka gwada, 58 ta matacin tantani ce, mai matsa ruwa ta siririyar fata, 55 ta fitilar altarabayolet mai kashe ƙwayoyin cuta da haske. Kwalin Yaya 42 ce kaɗai a jikinsa. Filtar ba ta yi ƙarya ba, mu ne muka ɗora mata kayan da ba ta ce za ta ɗauka ba.

Ni a ganina, tsarin dattijon nan ya ishi duk wanda yake ɗiban ruwan famfon da aka riga aka sa wa magani: na laka a waje, tanki mai tsabta, dunƙulen gawayi mai rabin maikuron a bakin kofi. Wanda zai ɗebi ruwan rafi ko na rijiyar da bai sani ba, wannan wata magana ce daban, sai ya ƙara da tafasawa ko fitilar altarabayolet, ita ma fitilar ba ta aiki sai ruwan ya washe, kuma tana cin batir. Na ga motocin da aka jera wa gwangwanaye har huɗu suna ƙyalli, masu su ba su taɓa leƙa tankinsu ba.

Kafin mu samu wurin wanke tankin, ruwan sha sai muka koma saya a injinan da ke cikin gari, waɗanda ake kai jarka a tara. Dattijon ya ara mana wani ɗan ma'auni mai kama da alƙalami da ake tsomawa a ruwa. Na tsoma a ruwan famfo, ya nuna ɗaruruwa. Na tsoma a wanda ya bi ta gawayi, kusan adadin bai motsa ba. Na injin kuwa 'yan gommai ya nuna. Yaya ya ɓata rai, ya ce ashe filtar banza ce. Ba haka ba ne. Ma'aunin yana auna gishirin ma'adinai ne da ya narke, irin su kalshiyam da magniziyam, gawayi kuwa ba ya taɓa su, kuma yawancinsu ba cuta ba ne, sai dai su bar farin ɓawo a buta da kan famfo. Ƙwayar cuta ko ɗaya ma'aunin ba ya gani. Inda abin yake da nauyi shi ne narkakkun da ke cutarwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a sassa da dama na Arizona yana da arsenik daga duwatsun wurin, ba shi da wari ba shi da ɗanɗano. A 2001 hukumar EPA mai kare muhalli a Amurka ta sauke iyakarsa daga kashi 50 zuwa 10 cikin biliyan, dokar ta fara aiki a 2006. Ruwan gari dole ya bi wannan, amma rijiyar gidan mutum ba ta ƙarƙashin dokar tarayyar. Gawayi na yau da kullum ba abin dogaro ba ne a kan arsenik ko naitiret, tafasawa kuma ƙara musu yawa take yi, tun da ruwan ne ke tashi su su zauna. Shi ya sa tambayar "daga ina ruwan nan yake?" ta zama abin da nake fara yi wa mai zango kafin na tambayi wurin ajiye mota.

Daga Quartzsite muka hau hanya mai lamba 95 muka yi arewa zuwa Parker, a bakin kogin Kolorado. Bayan ƙurar filin can, ganin ruwa shuɗi yana gudu sai da ya sa muka yi shiru. Sama kaɗan akwai madatsar Parker da aka gama a 1938, wadda ta tara tafkin Havasu, daga nan ake jan ruwa zuwa kudancin Kalifoniya, a kuma ja wani ta magudanar da ta wuce kilomita 500 zuwa Phoenix da Tucson. Mun kama zango mai famfo da wurin juye ƙazanta, domin wankin tanki ruwa yake ci.

Ƙa'idar da masu motocin nan suka saba da ita ita ce rubu'in kofi na bilic na wanki, marar turare, ga kowane galan 15, wato wajen mililita ɗaya ga kowace lita. Muka zubar da tsohon ruwan. Yaya ya auna bilic ɗin ya sirka a jarka, don ba a zuba shi tsagwaronsa, muka ɗura, muka cika tankin ba tare da gawayi a hanya ba. Na shiga ciki na kunna injin tura ruwa, ina buɗe famfuna ɗaya bayan ɗaya, na kicin, na banɗaki, na wanka, har sai na ji warin bilic a kowanne sannan na rufe. Ana so ya zauna aƙalla awa huɗu, mu barinsa muka yi ya kwana. Da safe da muka buɗe ƙasan tankin, ruwan farko ya fito da wasu 'yan yaɗi-yaɗi masu ruwan toka, masu santsi in ka murza su. Yaya ya durƙusa ya daɗe yana kallonsu.

"Wannan muke sha?"

"Shi ne, Yaya."

Sai da muka cika muka zubar har warin ya tafi. Tun da mun riga mun jiƙe, muka buɗe tukunyar dumama ruwa ma, wadda ruwanta ke ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai. Cikinta akwai sandar magniziyam da aka sa don tsatsa ta ci ta maimakon ta ci tukunyar, kuma wasu bakteriya na haɗuwa da ita da sinadarin salfet na ruwa su ba da wannan warin. Sandar ta cinye saura ƙashin ƙarfen tsakiya, bayanta kuma farin tsaki ya biyo ruwa ya zubo. A garin Lake Havasu muka sayi sabuwa, da gwangwanin laka, da ƙaramin matacin ƙarƙashin kicin, muka leƙa tsohuwar gadar Landan da aka kwaso dutse-dutse daga Ingila aka sake ginawa a nan aka buɗe a 1971, muka wuce.

Daga Kingman hanya mai lamba 40 hawa take yi ba sassauci. Kafin mu kai Williams itatuwan pine da dusar ƙanƙara sun maye gurbin ƙaya. Yankin nan ya haura mita 2,000 a saman teku, da dare sanyi yana sauka ƙasa da sifili. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ya tsaga gwangwani, ya kuma fasa cikin mataci ta yadda ido ba zai gani ba, ka ci gaba da amfani da shi kana zaton yana tacewa. Kowace yamma sai mu kwance tiyo mu tsiyaye shi, mu shigo da gwangwanin ciki, mu bar ƙofar kabad ɗin kicin a buɗe don ɗumin motar ya kai ga bututai. A wannan tsayin ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 93, shi ya sa CDC ta ce a ƙasa minti ɗaya na tafasa ya isa, amma sama da mita 2,000 a ba shi minti uku.

A bakin kudu na kwazazzabon Grand Canyon na yi tambayata da na saba, amsar kuwa ta fi ta ko'ina. A lokacin, ruwan da ke famfon daga wani marmaro yake da ake kira Roaring Springs, can a ƙetaren kwazazzabon ƙarƙashin bakin arewa. Bututun da aka shimfiɗa a shekarun 1960 ne yake gangaro da shi kimanin kilomita 20, ya tsallaka kogin Kolorado ta ƙarƙashin wata gadar ƙafa, sannan injina su turo shi sama zuwa inda muke tsaye. Bututun ya tsufa, yana yawan fashewa, in ya fashe kuma sai a taƙaita ruwa ga kowa. Muka ɗebi abin da zai kai mu gaba kawai, ta gwangwanin laka, da kulorinsa.

Yaya kuwa tun daga Quartzsite zuciyarsa ta tafi ga matacin tantani, irin na injinan can, wanda ke matsa ruwa ta wata siririyar fata ya bar gishiri da arsenik a baya. Na tuna masa cewa ƙananansu sukan zubar da lita biyu ko uku ko fiye kafin su ba da ɗaya, suna son matsi mai ƙarfi, ga shi tankinmu 150 ne. Ya ce ruwan da aka zubar sai a mayar da shi na wanke-wanke. A wurin ajiye motoci, mutane suna can suna ɗaukar hoton kwazazzabo, shi yana kwance rabin jikinsa cikin kabad da tef ɗin awo, yana kiran lambobi ina rubutawa. Tulun ajiyar na'urar ya fi wurin tsawo da yatsa uku. Ya fito yana kaɗe riga, ya ce in sake duba ko akwai mai ƙaramin tulu.